Itacen da Ba Ya Son Taki

Ranar Talata ce, a farkon watan Nuwamba, ina tsintar shinkafa a kicin wayata ta yi ƙara. Amjad ne, Bamasaren da mijina yake wa aiki a gidan renon shuke-shuke can bayan Giza. Shekara goma sha tara suna tare, bai taɓa kirana ba sai ranar.

Ya ce, "Hajja Mardiya, ki samu wuri ki zauna."

Na ce masa ina da aiki, ya faɗi abin da zai faɗa.

Ya ce mijina Malam Gidaɗo ya sunkuya zai ɗauki tukunya, sai ya durƙusa, bai sake tashi ba. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Na yi Innalillahi. Na ajiye wayar, na ƙarasa tsintar shinkafar, na wanke na ɗora a wuta. Har yau ban san me ya sa ba. Sai da ruwan ya fara tafasa na zauna a ƙasa, na tuna maganar da ya yi mini da safen nan yana sa takalmi a bakin ƙofa. Bai ce in yafe masa ba, bai ce sai ya dawo ba. Cewa ya yi, "Kada ki taɓa mini tukwanen sama."

Shekara talatin da ɗaya da aure, wannan ce maganar da mutumin nan ya bar mini.

Daga Misau muka zo. Karatun addini ne ya kawo Malam Alƙahira, ni kuma na biyo shi da 'yarmu Khairat a goye. Karatun ya yi tsawo, tallafin da ake ba shi ya ƙare, ya nemi aiki a wurin Amjad. Daga nan littattafai suka koma saman kwaba, shuke-shuke suka cinye shi. Ni kuma ina yi wa ɗalibanmu tuwo da masa, da haka muka rayu har Khairat ta girma ta yi aure ta koma gida. Gidanmu a unguwar Faisal yake, hawa na huɗu, a benen da yake da hawa bakwai, babu lifta. A can sama, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, Malam ya jera tukwane tara. Ba ma tukwanen kirki ba, durom ɗin roba ne da ya yanka biyu, da tsofaffin bokitai.

Da tumatir ya shuka, ko attaruhu, ko zogale, da ni ma na riƙa hawa. A'a. Itatuwan Ostareliya. Wani attajiri ne ya sa Amjad ya kawo masa su don gidansa, rabi suka mutu a hanya, aka ce a zubar da ragowar, Malam ya kwaso su a mota ya kawo mana. Wani ganyensa kamar allura, wani kamar haƙorin zarto, ko akuya ba za ta kalle su sau biyu ba. Ni a gidan noma na tashi. Babana kafin damina jakai yake jerawa su kai taki gona. Ban taɓa ganin shukar da ake wahala a kanta alhali ba a ci ba a sayar ba.

Kuma duk abin da yake nawa sai ya ɗauka ya kai musu. Rariyata ta tankaɗe gari, ya tafi da ita tankaɗe yashi. Ruwan khal ɗina na girki, yana ɗiga musu a ruwan ban ruwa, wai ruwan famfon Alƙahira bai yi musu ba. Har tsinken kwallina sai da ya ɓace.

Babba a cikinsu shi yake kira bankisiya. Shekara biyar yana lallaɓa shi kafin ya yi fure, a lokacin sanyin da ya wuce kafin rasuwarsa. Na tuna ranar. Gas ya ƙare tun jiya, na ce ya kai tukunyar a canza, ya ce to. Da safe sai ga shi ya sauko daga sama yana haki, hula a karkace.

"Mardiya, zo ki gani. Ya buɗe."

"Me ya buɗe, gas ɗin?"

"Bankisiya. Hawa uku ne kawai."

"Idan ya yi 'ya'yan da za a sa a miya, ka kira ni."

Ya yi dariya ya koma. Washegari ya sake kirana, na ce gwiwata. Rana ta uku da ya sake kirana na gano inda tsinken kwallina ya shiga. Wai da shi yake shafa furen daga nan zuwa can don ya yi iri, tunda tsuntsayen da suke yi masa wannan aikin suna can ƙasarsu. Na ce ya dawo mini da abina, ya aika a kawo masa tsuntsayen. Daga ranar bai sake kirana ba. Furen ya yi kusan wata guda a saman kaina ban hau ba. Da ya bushe Malam ya ce, "Ma'alish, ba komai, baɗi ma zai yi. Baɗi ko a kafaɗa sai na kai ki." Na ce ya fara da tukunyar gas tukuna.

Baɗin ne ya zo ya same ni ina takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ba fita sai da lalura. Kuma daidai lokacin sanyin Alƙahira, wanda yake biyowa ta ƙarƙashin tayil ya kama mutum a ƙashi. Kwana bakwai gida a cike, daga nan mutane suka koma harkokinsu. Na zauna ina kallon takalminsa na wanka a bakin bayi.

Rana ta goma sha biyu na ɗaura zani a kan rigar sanyi, na kama ƙarfen matakala, na hau. Na huta sau biyu a hanya. Da na isa na tarar da su a jere yadda ya bar su, bankisiyan a kusurwa, tsayinsa ya kai ƙirjina. A bakin rassansa akwai wasu abubuwa uku kamar goyon masara ƙanana, kore, ba su buɗe ba. Na tsaya ina kallonsu. A nan na sa abu ɗaya a raina, sai na ga furen nan da ya kira ni sau uku in gani.

Amma da na leƙa cikin tukwanen raina ya ɓaci. Yashi ne zalla, irin na gini, a bushe ƙamas. Mutum yana aiki a inda taki yake buhu-buhu, ya bar nasa itatuwan da yunwa. Na ce a fili, "Shi ya sa sai da ka shekara biyar kana jiran fure ɗaya."

A saman benen da yake manne da namu akwai wani tsoho, Ubaida, mai kiwon tattabaru. Ya gan ni, ya yi mini ta'aziyya ta kan katanga. Ya ce ba shi da abin da zai ba ni sai abin da Allah ya hore masa, ya miƙo mini rabin buhu na kashin tattabara. Ya ce masu noman kankana har layi suke yi a kansa. Na yi masa godiya ƙwarai.

Bakhita ce ta taya ni ja. Maƙwabciyata ce ta hawa na uku, Bahaushiyar Sudan, kakanninta sun tafi aikin hajji a ƙasa suka yada zango a can. Hausarta da Larabci a haɗe suke kamar shinkafa da wake, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba.

Ta ce, "Yaya, ba ke kika ce mini ya ce kada ki taɓa ba?"

"Da yana nan ya faɗa. Yanzu wa zai taɓa, aljanu?"

"Ni dai na ji tsoro. Mutumin nan a wurin shuka yake aiki."

"Babana kuma a ina yake aiki, a banki?"

Na zuba wa kowace tukunya tafi biyu, na cakuɗa da yashin. Bankisiya na ba shi huɗu, tunda shi ne mai ciki. Na riƙa ba su ruwa safe da yamma, bokiti biyu, har ya riƙa fita ta ƙasa. Ban ɗiga ruwan khal ba, don ban ga dalilin da zan yi wa itace miya ba.

A makon ne Malama Widad ta ji labarin hawana. Yarinya ce sa'ar Khairat, matar wani ɗalibi, ita ma tana karatun fiƙihu, ita take ƙara mana karatu mu matan unguwa duk Asabar. Tunda na shiga takaba suka dawo da karatun ɗakina don kada in zauna ni kaɗai. Tana da kirki, amma ba ta iya barin mas'ala ta kwana ba.

Ta ce, "Mama, mai takaba gidanta take lazimta. An ce ana ganinki a sama."

"Saman gidan wa?"

"To, ai akwai magana. Idan saman na kowa da kowa ne, wasu za su ce kamar titi yake."

"Mota tana bi ta can?"

"A'a, Mama."

"To ki gaya wa wasun."

Ta ce za ta bincika. Bayan kwana biyu ta aiko mini da saƙon murya mai tsawon minti tara, ƙarshensa dai babu laifi idan da rana ne. Ni dama da rana nake hawa, da gwiwar nan ina zan je a duhu.

Mako biyu da zuba takin bakin ganyayen ya fara yin ruwan ɗorawa. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Suka koma ja kamar an babbaka su. Na ce yunwar shekaru ce ba ta sake su ba, na ƙara taki. Mai ganyen allurar ne ya fara tafiya, na taɓa shi ganyen ya zube a hannuna. Sai na kusa da shi. Kafin watan Disamba ya ƙare shida sun mutu. Biyu ne kawai suka ji daɗin abin, masu jan fure kamar burushin wanke kwalba, suka yi ɓul-ɓul suna sheƙi. Waɗannan kuwa ko a bakin titin Giza akwai su, ba wanda yake kula su. Waɗanda ban damu da su ba su suka rayu.

Wata safiya na hau na tarar goyon nan uku na bankisiya sun yi baƙi. Na kai hannu, ɗaya ya faɗo. Na zauna a kan bokiti na daɗe. Sannan na sauko na kira Amjad.

Ya zo ranar Juma'a bayan masallaci. Ya tsaya daga nesa, ni ina cikin hijabi, Bakhita a gefena. Ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗebi yashin bankisiya ya shinshina, ya runtse ido.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Kashin tattabara?"

"Mai kyau ma kuwa."

Ya goge hannunsa a jikin wando. Ya ce ƙasar da itatuwan nan suka fito ƙasa ce mara abinci, don haka Allah ya yi saiwarsu ta iya tsotse duk ɗan abin da ta samu, kuma ba ta san ta ƙoshi ba. Idan aka ba ta taki mai ƙarfi sai ta yi ta sha har ya kashe ta. Ruwa kuma a lokacin sanyi sau ɗaya a mako ya ishe su, wani lokacin ma ya yi yawa.

Ya ce, "Hajja, da ba ki hau nan ba, da ruwan sama biyun nan da aka yi ya riƙe su. Da yawancinsu suna nan."

"Wato da na ci gaba da ƙin su, da sun rayu."

"Tamam, haka ne."

Bakhita ta buɗe baki, na kalle ta, ta rufe.

Na ce, "Me ya hana shi ya gaya mini?"

Amjad ya sunkuyar da kai. "Ya ce yana gaya miki. Kusan kullum, in ji shi."

Gaskiya ne. Yakan zauna a bakin ƙofar kicin yana zuba, saiwa kaza, yashi kaza, ni ina tuƙa tuwo ina cewa uhm. Ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Na ji haushin Malam da bai ɗaga murya ba, na ji haushin Ubaida da tattabarunsa, na ji haushin itacen da ake yi wa alheri ya mutu. Wanda ya fi ba ni haushi ban faɗe shi ba, kowa a wurin ya san shi.

Amjad ya zazzage tukunyar, ya wanke saiwar, ya sa sabon yashi. Ya ce mu gwada, amma kada in sa rai. Kwana goma bankisiya ya ƙara, a tsakiyar watan da Masarawa suke kira Ɗuba, wanda ya fi kowanne sanyi. Daga nan na kankare bayansa da farce ban ga kore ba.

Na sake kiran Amjad na gaya masa. Ya ce, "In turo miki hoton furen a waya? Akwai su da yawa."

Na ce ba hoto Malam ya kira ni in gani ba.

 Sai ya ce in duba ƙasan rassan, akwai wasu ƙullutu biyu masu tauri kamar ice, ragowar furen bara. Na ce na gan su, munana, da wasu kumburi a jiki kamar leɓe a rufe. Ya ce iri ne a ciki, aikin tsinken kwallin nan ne. Ashe har shi ya san labarin tsinken. Ya ce amma ba sa buɗewa sai wuta ta taɓa su, don a ƙasarsu sai gobarar daji ta wuce suke zubar da iri. Yashin da za a shuka su ma a turara shi da hayaƙin ice, ya fi saurin tsirowa.

Na ce, "Amjad, ina cikin takaba, kada ka yi mini wasa."

"Wallahi Hajja, haka suke."

"Taki yana kashe shi, ruwa yana kashe shi, wuta kuma ita ce ungozomarsa."

"Haka Malam ma ya ce da ya fara ji. In kina so in zo in karɓa, in yi a wurinmu."

Na ce a'a. Ni na kashe, ni zan ƙona.

Sai dai a benen nan gaba ɗaya da gas ake girki. Mutum ɗaya ce take da ice, Bakhita. Matan Sudan suna da wata al'ada da suke kira dukhan. Tukunyar ƙasa ce ake sa wani ice mai ƙamshi a ciki, ɗalih, mace ta zauna a kai ta lulluɓe da bargo, hayaƙin ya shiga fatarta. Matar aure ce take yi, don mijinta, kuma ƙamshin yakan yi kwanaki a jiki. Ban yi tunanin komai ba, ni dai ice nake nema.

Muka hau da la'asar ranar Juma'a. Bakhita ta hura wutar tana dariya.

"Shekara nawa, Yaya, ina roƙonki ki zauna a kan tukunyar nan saboda Malam, kika ce ke ba kifi ba ce da za a banda ki. Yau ga shi kin kawo itacensa."

"Hura wuta, Bakhita."

"Allah ya jiƙansa, da ya ga wannan da ya yi kuka."

"Da ya ce ba haka ake yi ba."

Na ɗora ƙullutun biyu a kan garwashin da cokali mai yatsu. Suka yi baƙi, suka kama da wuta, na ce shi ke nan na ƙarasa abin da ya rage. Sai muka ji ƙas, ƙas. Leɓunan nan suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kamar bakin 'yan tsaki. Bakhita ta ja da baya tana a'uziyya. Na cire su na tsoma a ruwa yadda Amjad ya ce, na ajiye su sha iska. Sannan muka zuba yashi a rariyata, wadda dama a can sama na same ta, muka ɗora a bakin tukunyar, muka rufe da bargon Bakhita. Ni ce na riƙe bargon kusan awa guda, hayaƙi yana bin hannun rigata, yana shiga hijabina.

Da na sauko na yi wanka, na wanke kayan. Ƙamshin bai san an yi ba.

Washegari Asabar, mata shida suka zo karatu. Suna shigowa na ga hanci yana motsi. Aka gaisa sama-sama. Wata ta kalli wata. Aka buɗe littafi, ba wanda yake kallon littafin. Malama Widad ta karanta layi biyu ta tsaya.

"Mama, ba zargi nake yi ba."

"To me kike yi?"

"Mai takaba ba ta sa turare. Balle wannan. Kowa ya san don me ake yin wannan."

Wata daga baya ta ce a hankali, "Ko wata uku bai cika ba."

 Shekarata hamsin da takwas, gwiwa ɗaya ta mutu, wai ina gyaran jiki ina jiran wani. Na miƙe na ce kowa ta sa takalminta.

"Ina za mu, Mama?"

"Titi. Wanda mota ba ta bi."

Na tasa su gaba har hawa na bakwai, suna haki, ni ma ina haki. Na nuna musu tukwane bakwai da busassun sanduna a ciki. Na nuna musu ragowar buhun Ubaida, da tukunyar Bakhita da tokarta, da ƙullutun nan biyu baƙaƙe da bakinsu a buɗe. Na ɗauki ɗaya na buga a tafin hannuna, irin ya zubo, baƙi, siriri, da ɗan fiffike kamar na fara. Na ce ga wanda na yi wa dukhan. Na ce mijina ya kira ni sau uku in zo in ga furen itacen nan, hawa uku, na ƙi saboda tukunyar gas da tsinken kwalli. Na zo in gani bayan ya tafi, na kashe shi da hannuna. Ban yi niyyar faɗin wannan ba, fita ya yi.  Tattabarun Ubaida suna ta kuka.

Malama Widad ta goge ido da gefen hijabi. Ta ce tunda ba ado na nufa ba, babu komai a kaina, amma in wanke kayan. Na ce na wanke. Ta ce in sake. Na ce to.

Iri goma sha ɗaya muka samu. Suka tsaya har na shuka su a yashin da aka turara, kowanne a gwangwaninsa, na yayyafa ruwa kaɗan da ɗigon khal. Malama Widad tana so ta wanke laifinta, sai ta ɗauki buta za ta ƙara musu. Na riƙe wuyan hannunta.

"Ajiye."

"Kaɗan ne, Mama, sun yi kamar ba su ƙoshi ba."

"Na ce ajiye. Ba ki san su ba."

Daga nan sai jira. Mako ɗaya, biyu, uku, yashi yana kallona ina kallonsa. Hannuna yana ƙaiƙayi in zuba ruwa, in tona in gani, in ɗan sa musu ko da ganyen shayi ne. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san yadda zama a gaban shuka ba ka yi mata komai yake. Ubaida ya sake miƙo buhu ta kan katanga, na ce Allah ya saka, ya kai wa masu kankana.

Khairat kuma kullum tana waya daga Misau. Takaba za ta ƙare tsakiyar Maris, mijinta ya gyara mini ɗaki, jikoki suna tambaya. Me zan zauna yi a Alƙahira ni kaɗai a hawa na huɗu. Ina cewa to, bari dai a gama.

Rana ta talatin da uku na hau na ga yashin gwangwani ɗaya ya tsage, wani abu kore ya turo kai, da ganye biyu masu kauri kamar kunnen ɓera. Bayan kwana huɗu wani ya fito. Sauran tara ko motsi, har yau. Na kira Amjad, ya yi ta hamdala. Na tambaye shi yaushe za su yi fure.

"Idan sun tsallake zafin bazara, shekara huɗu. Ko biyar."

"Biyar."

"Malam ma biyar ya jira."

"In tafi da su Misau fa?"

Ya ce ba za a bar ni in shiga jirgi da shuka da ƙasarta ba, ko an bar ni ma damina ɗaya ta can za ta ruɓar da saiwar.

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na sa kwalli da sabon tsinke, na kira Khairat na ce ba yanzu ba.

"Mama, saboda ganye biyu?"

"Huɗu ne yanzu."

"Mama, don Allah. Baba ya rasu. Itace ba zai dawo da shi ba."

"Na san ya rasu, ni na ga gawarsa. Ban ce zai dawo ba. Abu ya ce in zo in gani."

"Shekara biyar fa kika ce."

"Ki turo yaran hutu. Amma ki gaya musu kada su taɓa mini tukwanen sama."

Sai na ji tana dariya tana kuka a haɗe. Ta ce na zama Baba. Na ce Allah ya kiyaye, ni ina canza gas a kan lokaci.

Wannan ne sanyi na biyu tun daga lokacin. Ɗaya ya mutu a watan Agusta, ban yi masa komai ba, ya ga dama ne kawai. Ɗayan yana nan, ya kai gwiwata, ganyensa ya fara yin haƙorin zarto irin na uwarsa. Ba shi da kyau. Bai san ina yi ba. Na koma yi wa ɗalibai tuwo, Malama Widad ta haihu, Bakhita har yanzu idan ta ga baƙuwa sai ta ba ta labarin ranar da Yaya ta yi wa itace dukhan.

Kullum bayan na karya nakan cika buta, in ɗiga khal sau uku, in kama ƙarfen matakala in hau. Ina hutawa sau biyu a hanya. Idan na isa sai in tura yatsana cikin yashin har gaɓa ta biyu. Yawancin ranaku da sauran danshi. Sai in goge yatsan a zani, in ɗauki butata a cike yadda na hau da ita, in sauko hawa uku ina mita.